Sawun Gada a Gonar Ƙasimu

Lauwali ne ya fara ganin ƙafafun. Ya fito da sassafe zai tada injin ban ruwa, sai ya hangi takalmin roba guda a kan kunyar albasa. Gaba kaɗan ga ƙafafun mutum sun leƙo daga cikin sarƙaƙiya, sauran jikin yana ciki, kamar wanda ya kutsa neman wani abu barci ya kwashe shi. Da ya jawo shi waje sai ya ga Ƙasimu ne, maƙwabcin gonarsa, wuya da ƙirji duk guntayen ƙarfe.

Kafin hantsi duk Tungar Marke ta hallara a fadama. An ji ƙarar bindigar bayan sallar asuba, amma a ƙasar Boyekai yanzu harbi ɗaya ba ya hana kowa shan kununsa. Wani ya ce ɓarayin daji ne. Wani ya ce ɓarayin daji ba su harbi da bindigar toka, kuma da su ne da ba su bar injin ba. Sai aka ce to ɗan aikensu ne, infoma. Ba wanda ya kama suna. Kowa dai ya juya ya dubi arewa, inda bukkokin Uwaisu suke.

Uwaisu Bafulatani ne. Daga wajen Rara ya zo bara waccan, bayan an kore masa shanu kaf, ya roƙi wuri ya kafa bukka shi da iyalinsa da 'yan awaki. An ga sawunsa a bakin fadamar, wannan kuwa ya ishi mutane. Kafin a gama haƙa kabari 'yan sa-kai sun ɗaure shi, bukkokinsa sun zama toka.

* * *

Siddiƙu yana Wurno wajen duba yayarsa da ba ta da lafiya lokacin da Maigari ya kira shi a waya. Maharbi ne ɗan maharbi, amma tun da daji ya gagari masu gaskiya ya rataye bindiga, ya koma bin sawun abin da aka sace. Sa ko jaki ko babur, in dai ƙasa ya taka, Siddiƙu zai kai ka ƙofar da ya shiga. Saboda haka mutane suna girmama shi, ba su dai cika son zama kusa da shi ba.

Bai iso ba sai la'asar, an riga an rufe Ƙasimu. Ya tarar da Maigari shi kaɗai a zaure, rawani a gefe.

"Ka ga abin da yas same mu," in ji Maigari. "Yaran ga sun ce gobe in rana ta take tsaka za su hita da Uwaisu bayan gari su gama da shi. Na sanar da hukuma, an ce mani sai gobe. Ni kau ba ni iya tare su. In shi na, ka hwaɗa mani shi na, in samu abin da zan gaya ma Allah."

"In kuma ba shi na ba, ranka shi daɗe, wani na. Wanin nan kau ɗan wani na cikin garin ga. Kun shirya ji?"

Maigari ya dubi tabarma.

A ƙofar rumfar da aka ɗaure Uwaisu, Almustapha ne ke tsaye da bindiga. Shi ne babban ɗan Siddiƙu, yana cikin manyan 'yan sa-kai, ga shi makon nan matarsa Zakiyya ta haihu. Ya rusuna ya gaida mahaifinsa, idanunsa jawur.

"Baba, sannu da hanya. Wahala kaɗai za ka yi, mun riga mun ƙare bincike."

"Kun ƙare? Madalla. Kauce in ga wanda kunka bincika."

* * *

Uwaisu yana jingine da danga, hannuwa a baya, leɓensa ya kumbura har ba ya rufuwa. Siddiƙu ya tsuguna ya ba shi ruwa a baki, ya jira ya haɗiye.

"Mi yak kai ka fadama da asuba?"

"Ɗiyan gawo nika tsinta ma awaki. Kullum can nika zuwa, Ƙasimu ya sani. Shi yab ba ni izini."

"Ka ga wani?"

"Ban ga kowa ba. Ji niy yi." Ya numfasa da ƙyar. "Na ji kukan ɗan akuya cikin kurmi, shina yi shina ƙarawa, awa an taka shi. Nic ce ko cikin nawa na wani yab biyo ni. Na nuhi wurin ke nan sai bindiga tat tashi. Sai nir ruga."

"Don mi ba ka kira mutane ba?"

Uwaisu ya ɗago ido ɗaya da ya rage masa a buɗe. "Ni? Bahillace, in shigo gari in ce na ji harbi? Ga shi ban ce komi ba ma ka ga yadda anka yi da ni."

Daga waje wani ɗan sa-kai ya yi dariya. "Ɗan akuya! Tun sahe labarin ke nan da shika ba mu."

Siddiƙu ya tambaya ko an sami bindiga a bukkar. Aka ce ba a samu ba, ya ɓoye ta. Ya tambaya ko an duba kafin a sa wuta. Ɗan sa-kan ya kau da kai.

* * *

Duk garin ya san Lauwali da Ƙasimu ba sa ga maciji. Lambatu ɗaya ke shayar da gonakinsu, kuma kwanan baya sun yi cacar baki a kan wa zai fara ban ruwa, har Lauwali ya ɗaga fartanya ya ce sai ya ga bayansa. Ga shi yana da bindiga, ga shi shi ya tsinci gawar. A zuciyarsa Siddiƙu ya fi karkata can.

Ya same shi a ƙofar gida yana ɗinkin buhun albasa.

"Na san mi yak kawo ka," in ji Lauwali. "Na hwaɗi maganar, ban musu. Baki na. Wa bai taɓa hwaɗin irinta ba bisa ruwa?"

"Kawo bindigar."

Ya shiga ya fito da ita. Siddiƙu ya sunsuna bakin, ya zura ɗan yatsa. Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a ciki, har ya bushe ya yi tauri. Wannan bindiga rabonta da wuta tun kafin damina. Ya miƙa masa abarsa.

"Mi kuke ma gardama ban da ruwa?"

Lauwali ya yi tsaki. "Kurmin nan. Na ce mu sare shi mu ƙone, mu ƙara kunya, kuma mu huta da maɓoyar ɓarayi. Yac ce atabau. Wai akwai masu wurin. Nic ce aljannu? Yay yi dariya yac ce sun hi aljannu kunya." Muryarsa ta karye. "Ko sallama ba mu yi ba, Siddiƙu. Yau kwana nawa ban amsa gaisuwatai ba."

* * *

Ladidi, matar mamacin, tana bayan labule cikin mata masu zaman makoki. Siddiƙu abokin mahaifinta ne, don haka ta yarda ta matso bakin ƙofa. Ya yi mata gaisuwa, ya ce Allah shi jiƙan Ƙasimu, sannan ya tambaye ta su wane ne masu kurmi.

Sai ta fashe da kuka, kamar wannan tambayar ta fi duk ta'aziyyar da aka yi mata ciwo.

"Gada ta, Baba. Gada da ɗanta. Farkon sanyin ga yag gano ta haihu cikin sarƙaƙiya. Kullum in ya dawo sai ya ba ni labari, yau ta ci ganyen wake, yau ya ga ɗan ya tashi tsaye. Har kunya biyu ta wake yab bar mata can ƙarshen gona, bai girbe ba. Ina yi mai hwaɗa, nic ce mu muna jin yunwa kai kana ciyar da naman daji. Yac ce tun shina yaro rabon da shi ga gada ƙasar ga, ba ya bari a ce cikin gonatai gada ta ƙarshe tam mutu."

"Ya gaya ma wani?"

"Tsoro shikai a ji. Kullum tunaninai kada kare ko tarko shi kama ɗan. Ko kaza tay yi kuka wajen sai ya zabura."

Siddiƙu ya daɗe a tsugune. Ya ɗauka gada ta ƙare a wannan yanki tun sa'ad da aka buɗe fadamar ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo, aka sassabe kurmi aka mai da shi shinkafa da albasa. Sai kuma maganar Uwaisu ta dawo masa. Kukan ɗan gada da na ɗan akuya, kunnen da bai saba ba ba ya raba su. Ashe mutumin ba ƙarya yake yi ba. Ya ƙudura a ransa cewa wani ne ya kafa tarko, ɗan ya faɗa, Ƙasimu ya kutsa ceto, mai tarkon ya harbe shi. Abin da ya rage shi ne ya nemo tarkon, tarko kuwa kowa da irin ƙullinsa.

* * *

Washegari ya jira rana ta ɗan ɗago, don sawu ya fi fitowa in haske ya zo a karkace. Bakin gonar ba abin karantawa, ƙafar gari guda ta tattake shi. Amma ƙaya ta hana 'yan kallo shiga ciki, ƙasar kuma da damshi saboda ruwan lambatu da ke tsattsafowa. Siddiƙu ya tuɓe riga ya zagaya ta wajen tsohon gulbi, ya shiga da rarrafe.

Bai yi nisa ba ya tarar da hanyarta, wata 'yar ƙofa cikin ƙaya wadda da ƙyar mutum zai cusa kafaɗa. Ga sawun nan kamar ƙwallon dabino biyu an jera, ya fi na ɗan akuya tsini da tsabta. A kan wani tsinke ya ga ɗigon baƙin danƙo, irin wanda ke fita daga tsagar da ke ƙarƙashin idonta mai kama da kwalli. Da shi take shafa alama a iyakar wurinta. Gada ba ta yawo kamar barewa, ba ta shiga garke. Ɗan wuri take kamawa ta zauna, ta san kowace ƙaya a cikinsa, inda take kashi ma guda ne. Ko ruwa bai dame ta ba, raɓa da ganye da 'ya'yan itacen da suka faɗo sun ishe ta. Shi ya sa ta iya rayuwa a tsakiyar gonakin mutane ba su sani ba.

Ya bi hanyar a hankali har gindin wata kanya. Nan ya tsaya cik. Cikin busassun ganye, wani ɗan dunƙule mai launin ƙasa yana kwance, kunnuwa a manne, ido buɗe ba ya ƙiftawa. Ɗan gadar ne. Haka uwa take ɓoye shi ta tafi kiwo, ba ta dawowa sai lokacin shayarwa, shi kuma ko za a taka shi ba ya motsi. Siddiƙu ya dube shi daga nesa bai taɓa shi ba. Ba rauni a jikinsa, ba alamar igiya a ƙafa, ƙasar wurin ba ta nuna an yi kokawa ba. Ya zagaye kurmin kaf bai ga tarko ko ɗaya ba.

To wa ya yi kukan?

Ya koma ƙarshen gona inda kunyoyin waken suke. Ga inda uwar ta tsaya tana ci jiya da safe, sawu a natse, kusa da kusa. Daga nan sai ya canja. Kofato ya buɗe, ya nutse cikin ƙasa, tsalle ya yi tsawo. Gudu take yi. Amma gada in tsoro ya kore ta ba ta miƙewa, kwana take yi hagu da dama sannan ta yi nutso cikin duhuwa. Wannan gudun kuwa miƙaƙƙe ne kamar an ja zare, kuma ba wajen kanya ya nufa ba. Wajen wata giyayya ya nufa, a bakin tsohon gulbi. Saura kaɗan ta isa sai ga inda ta turje, ƙafa huɗu wuri ɗaya, daga nan ta yi tsallen gefe ta ɓace.

A gindin giyayyar babu sawun ɗan gada ko ɗaya. Abin da ke wurin shi ne gurbin gwiwar mutum, da ganyayen da wutar albarushi ta babbake. Daga nan in ka miƙa hannu, daidai inda Ƙasimu ya kutso kai yake nunawa.

Siddiƙu ya zauna a ƙasa. Abu ɗaya ne a duniya ke sa gada ta rugo wajen mutum da ƙafarta: kukan ɗanta. Mahaifinsa ya koya masa yadda ake yi, a toshe hanci da yatsu biyu a matso muryar daga maƙogwaro. Tsohon ya ce masa kira ne na ranar yunwa, kuma ba a yin sa lokacin da suke shayarwa. Shi ma ya koya wa mutum ɗaya, ya kuma gaya masa hakan.

Ya daɗe yana duban gurbin gwiwar nan. Tafin hannu ɗaya zai shafe shi. Ya ma ɗora hannun a kai, ya ji sanyin ƙasar. Daga cikin gari ya jiyo ana tada babura, 'yan sa-kai sun fara taruwa. Ya janye hannunsa, ya kakkarya ƙaya ya rufe wurin don kada a taka.

* * *

Ya sa aka kira masa Almustapha bayan masallaci, inda ba kowa.

"Na shiga kurmi," ya ce masa.

"To, Baba."

"Na ga giyayya."

Almustapha ya gyara ratayen bindigarsa. Ya dubi katanga, ya dubi sama, bai dubi mahaifinsa ba.

"In akwai maganar da kaka so ka kai ma Maigari da bakinka, yanzu na lokacinta. Ni zan raka ka. Kuskure sunanai kuskure in mai shi yah hwaɗa. In wani yat tono shi, ya sake suna."

"Ban da wata magana, Baba." Ya rage murya. "Bahillacen ga ko bai yi wannan ba ai ya yi wani. Dut ɗaya suke. Ka bari a ƙare, kowa shi huta."

Siddiƙu ya dubi ɗansa kamar yau ya fara ganinsa. Har zuwa wannan lokacin yana yi masa uzuri a zuci: duhun safiya, ganye ya motsa, yatsa ya riga hankali. Wannan maganar ce ta kashe uzurin.

"Tahi," ya ce. "Mu haɗu ƙohwar Maigari."

* * *

Da hantsi ya yi ƙofar Maigari ta cika. Aka fito da Uwaisu aka zaunar a rana. Lauwali yana gefe yana zufa. 'Yan sa-kai sun jeru da bindigoginsu, Almustapha a tsakiyarsu. Ladidi da mata suna cikin zaure bayan asabari, ana jin motsinsu.

Siddiƙu ya fara da Lauwali. Ya ce bindigarsa gidan zanzaro ce, wanda ke shakka ya je ya leƙa. Aka yi 'yar dariya, Lauwali ya sauke ajiyar zuciya. Ya juya kan Uwaisu, ya ce sawunsa ya tsaya a gindin gawo, daga nan ya juya da gudu, bai kusanci kurmi ba. Nan guna-guni ya tashi.

"Nawa Hillani sunka ba ka?" wani ya jefo daga baya.

"Ku bari shi ƙare," in ji Maigari.

Sai ya ba su labarin gadar, da ɗanta a gindin kanya, da waken da Ƙasimu ya bar mata. Ya gaya musu yadda ta bar kiwo ta miƙe da gudu zuwa wurin da ba ɗanta, sai gwiwar mutum da ƙonannen ganye.

"Wanda yad durƙusa nan ba Ƙasimu yaz zo kashewa ba. Nama yaz zo nema. Ya kira uwar da muryar ɗanta, tat taho. Abin da bai sani ba, akwai wani wanda kukan nan ka tayar ma hankali awa ita. Ƙasimu ya ji, yay yada takalmi yak kutsa cikin ƙaya. Ganye yam motsa wajenai kahin ita ta iso. Uwaisu ya ce ya ji kukan ɗan akuya, kunka yi mai dariya. Ku saurara."

Ya toshe hanci da yatsu biyu. Kukan ya fito siriri, mai karkarwa, kamar na jariri da aka matse. Ya yi ya ƙara. Awakin da ke ɗaure a gindin bedi suka miƙe tsaye. Uwaisu ya ɗago kai ya ce, "Shi na. Wallahi shi na." Cikin zaure wata mace ta rushe da kuka.

Siddiƙu ya sauke hannunsa.

"Duk garin ga kun san mutum biyu ka iya kiran ga. Kun sha sa ɗayan shi yi maku wurin hira kuna dariya." Ya juya ya dubi 'yan sa-kai. "Ni jiya da asuba ina Wurno."

'Yan sa-kan da ke dama da hagun Almustapha suka ɗan ja baya ba tare da sun sani ba, sai ga shi tsaye shi kaɗai. Bindigar ta zame daga kafaɗarsa ta faɗi, shi ma ya bi ta ya durƙusa.

"Zakiyya ta haihu, ko romon ƙashi ba ta sha ba," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Na ga sawun gadar tun kwanaki. Nic ce guda ɗaya dai. Na rantse da Allah ban ga mutum ba, ganye nig gani. Da nij ji ya yi salati, sai nir rasa inda ƙahwahuna suke."

"Da anka kama wanga hwa?" Maigari ya nuna Uwaisu. "Nan ma ganye kag gani?"

Almustapha ya kifa fuska a ƙasa. Wani ɗan sa-kai ya ce ƙasa-ƙasa, Almustapha ne ma ya fara kawo ashana.

* * *

Motar hukuma ta zo bayan azahar ta tafi da Almustapha Goronyo. Ba wanda ya yi wa Siddiƙu sannu. A ƙofar masallaci ya ji wani dattijo yana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wani kuma ya amsa da cewa ai da an bar abin yadda yake, da gida ɗaya ne ya yi asara, yanzu ga uku. Matar Siddiƙu ta ajiye masa tuwo a ƙofar ɗaki ta juya, ba ta ce ci kanka ba. Zakiyya ta goya jaririnta ta koma gidan iyayenta kafin magariba. Lauwali kaɗai ya zo, ya tsaya a bakin zaure ya ce ya fasa sare kurmin, sannan ya tafi.

Uwaisu kuwa an kwance shi, shi ke nan. Ba wanda ya ba shi haƙuri. Awakinsa an ce sun watse cikin hayaniya, ko da yake unguwa biyu sun kwana suna ƙamshin nama. Matarsa da ƙananan 'ya'yansa sun fake a wata ruga can hanyar Rabah, can ya ce zai bi su.

Da safe Siddiƙu ya raka shi har bakin titi, yana riƙe masa ƙullin tsummokaran da aka tsinto daga toka, don hannun Uwaisu na dama ya karye an ɗaure da kara. Sun yi tafiya mai tsawo. Sai da suka hango kwalta Uwaisu ya tsaya.

"Na san abin da kab biya," ya ce. "Allah shi saka maka. Ba ni da bakin godiya."

"Ba don kai niy yi ba. Ƙasa ta hwaɗa, ni kau na ji."

"Duk da haka." Ya dubi gabas, inda dajin ya yi baƙi a ƙarshen gonaki. "Ina da babban ɗa. Sa'ad da anka kore muna shanu a Rara, mutanen daji sun neme shi, sunka ce shi zo shi rama. Ni nih hana shi. Nic ce mai mu talakawa na, mu zauna cikin mutane, mutane ba su cin amanar wanda yab ba su amana. Shekaranjiya shina tsaye bayan gawo sa'ad da anka sa ma ɗakin uwatai wuta. Ya ga an ja ni ƙasa awa akuya."

"Ina shike yanzu?"

"Uwar ta aiko jiya. Bai kwana rugar ba. An ga ya yi gabas, ko sanda bai ɗauka ba."

Wata mota ta taho daga Goronyo, Siddiƙu ya ɗaga mata hannu. Ya taimaka masa ya hau baya cikin buhunan albasa, ya miƙa masa ƙullin. Direba ya sa giya. Uwaisu ya sunkuyo, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ƙahwatai ta hagu ta ɗan karkace ciki, tun shina yaro. Na hwaɗa maka don in wata rana kag ga sawun nan bakin garinku, ka kwashe mata da yara tun da wuri."

Motar ta ja. Siddiƙu ya tsaya a bakin kwalta har ta ɓace, sannan ya juya ya kama hanyar gida, kansa a sunkuye, yana duban ƙasa.